Yadda Za Ka Shawo Kan Sabuntawar Windows Da Tarkacen Manhajoji A Kwamfutar Aiki

Tambayoyi biyu ne masu karatu suke ta turowa, kuma yawancinsu ma'aikatan ofis ne. Ta farko: yaya zan hana kwamfuta ta kashe kanta ta hau sabuntawa ina tsakiyar aiki? Ta biyu: manhajojin nan da na tarar a cikinta, ban sa su ba, ban san amfaninsu ba, wacce zan cire wacce zan bari? Na haɗa amsar a wuri ɗaya domin tare suke tafiya, kuma abin da ya fi komai muhimmanci a gyaran shi ne a san me za a fara yi, me zai biyo baya. Yawancin ɓarnar da nake gani daga tsallake matakan farko take fitowa.

Tun da wuri in faɗa, ba zan koya wa kowa rufe sabuntawa gaba ɗaya ba. A watan Maris na 2017 kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran wata kafar tsaro a Windows. Wata biyu bayan haka, ranar 12 ga Mayu, muguwar manhajar WannaCry ta bi ta wannan kafar ta kulle kwamfutocin da ba su karɓi gyaran ba, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa soke ganin likita da aikin tiyata. Saboda haka abin da za mu yi shi ne mu karɓe ikon zaɓar lokaci, ya zama kai ne kake cewa yau za a sabunta, ba kwamfuta ba.

Bayanin na Windows 11 ne. Sunayen wuraren dannawa na bar su yadda za ka gan su a allo. Ka tanadi caja, filas ko faifan waje mai isasshen wuri, intanet da ba ya yankewa, da kamar awa biyu zuwa uku da ba ka da aikin gaggawa. Ba sai ka sayi wata manhaja ba.

1. Gano wa ke da iko da kwamfutar

Buɗe Settings, shiga Accounts, sannan Access work or school. Idan ka ga sunan ma'aikatarku a nan, ko kuma a shafin Windows Update ka ga an rubuta cewa ma'aikata ce ke kula da wasu saitunan, to kwamfutar tana ƙarƙashin sashen kwamfuta na wurin aikinku. Su ne suke turo sabuntawa daga nesa, ta hanyar kayan aiki irin su Intune, su ne kuma suka sa yawancin manhajojin da kake gani. Wasu maɓallan da zan ambata za ka tarar sun dushe, ba sa dannuwa. Ba lalacewa ba ce, kulle su aka yi da gangan.

Gargaɗi: idan haka abin yake, kada ka nemi hanyar zagaye kullen. Manhajar da ta yi maka kama da tarkace tana iya zama ita ce ta tsaro, ko ta haɗa ka da rumbun fayilolin ofis, ko wadda za a nemo kwamfutar da ita idan an sace. Cire ta na iya jawo maka takardar tuhuma, ko a toshe kwamfutar daga layin ofis. Ka yi abin da ya buɗe maka a matakai na 3, 4, 5 da 9, sauran kuma ka bi ta mataki na 11.

Idan ba ka ga komai ba, wato ƙaramin ofis ne da kowa ke kula da tasa, ko taka ce kake aiki da ita, duk matakan naka ne.

2. San wace Windows ke hannunka

Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta winver, ka danna Enter. Ƙaramin akwati zai nuna maka ko 10 ce ko 11, ko Home ce ko Pro, da lambar siga irin su 24H2. Rubuta su a takarda.

Idan Windows 10 ce, akwai magana. Microsoft ya daina ba ta gyaran tsaro na yau da kullum daga 14 ga Oktoba 2025. Shirun da ta yi ba ta dame ka da sabuntawa ba alheri ba ne. Ma'aikatu za su iya sayen ƙarin wa'adi na tsaro, dala 61 kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa kowace shekara, iyakarsa shekara uku. In ba haka ba sai komawa Windows 11, wadda ke buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, RAM aƙalla gigabait 4, da ma'ajiya gigabait 64. Manhajar PC Health Check ta Microsoft za ta gaya maka ko kwamfutar ta cancanta. Dabarun da ake yaɗawa na cusa Windows 11 a kwamfutar da ba ta cancanta ba, ban yarda da su a kan kwamfutar da ake neman abinci da ita ba, domin kamfanin da kansa ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da ba irinta sabuntawa ba.

3. Ajiye kwafi kafin ka taɓa komai

Nan ne mutane suke ƙosawa, nan ne kuma ake kuka daga baya. Abubuwa uku za ka yi, a jere.

Na farko, kwafi fayilolinka. Desktop, Documents, Downloads, Pictures, da duk wata folda da ka ƙirƙira a wani lungu na faifan C. Kai su faifan waje ko rumbun da ofis ya amince da shi. Bayan ka kwafa, buɗe fayil uku ko huɗu daga cikin kwafin ka tabbatar suna buɗewa. Wannan ba tsoro ne na banza ba: a Oktoban 2018 babbar sabuntawar Windows 10 mai lamba 1809 ta goge fayilolin wasu mutane, har kamfanin ya janye ta bayan 'yan kwanaki, bai dawo da ita ba sai watan Nuwamba.

Gargaɗi: wasu ma'aikatu sun hana kwafar bayanan aiki zuwa filas, musamman masu riƙe bayanan abokan ciniki ko na marasa lafiya. Tambaya tukuna.

Na biyu, nemo mabuɗin BitLocker, wato tsarin Windows na kulle faifai. Kwamfutoci da yawa yanzu suna zuwa da faifansu a kulle ba tare da mai ita ya sani ba. Duba Settings, Privacy & security, Device encryption. Idan a kunne yake, akwai wani mabuɗi mai lambobi 48 da kwamfutar za ta iya nema wata rana da safe, musamman bayan sabunta BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows ta hau. Idan da asusun Microsoft naka kake shiga, mabuɗin yana cikin asusun, a sashen na'urorinka. Idan asusun ofis ne, yana wurin sashen kwamfuta. Rubuta shi ko ka buga shi, ka ajiye a wurin da ba cikin kwamfutar ba, kuma ba cikin jakar da kake ɗaukarta ba. Ranar da shuɗin allon ya fito yana neman lambobin nan, idan babu su, Microsoft ma ba zai iya ƙirƙiro maka wasu ba, fayilolin sun tafi ke nan.

Na uku, kafa wurin komawa. A akwatin nema rubuta Create a restore point, ka buɗe. Idan kariyar faifan C a kashe take, danna Configure ka kunna, sannan Create, ka sa masa ranar yau a matsayin suna. Wannan saitunan Windows da manhajoji kawai yake mayarwa. Ba ya dawo da takardar da ta ɓace, don haka ba ya maye gurbin kwafin da ka yi.

4. Faɗa wa Windows lokutan aikinka

Shiga Settings, Windows Update, Advanced options. Abubuwa huɗu za ka gyara.

A Active hours, canja daga Automatically zuwa Manually, ka sa lokacin da kake fara aiki da lokacin da kake tashi. An yarda ka ba da tazara har awa 18. Ka ba da fili sosai: idan ƙarfe 8 kake farawa, sa 6, idan wani lokaci kana kaiwa dare, sa 11 na dare. A cikin wannan tazarar ba za ta sake kunna kanta ba.

Kashe Get me up to date. Wannan shi ne maɓallin da ke ba ta izinin sake kunnawa ko da a lokacin aikin ne, da gajeriyar sanarwa. Mutane da yawa sun kunna shi suna zaton abin kirki ne, ga shi kuwa shi ne tushen kukansu.

Kunna Notify me when a restart is required, domin ta sanar da kai maimakon ta yi shiru tana jiran ka tashi.

Sai ka koma babban shafin Windows Update ka kashe Get the latest updates as soon as they're available. Kashe shi ba ya hana ka gyaran tsaro na wata-wata. Abin da yake hanawa shi ne ka zama cikin na farkon da za a gwada sababbin abubuwa a kansu. Kwamfutar aiki ba wurin gwaji ba ce.

Gargaɗi: lokutan aiki ba sa kare takardar da ka bari a buɗe ka tafi gida. Da dare ya yi, tazarar ta ƙare, kwamfuta na iya sake kunnawa, abin da ba ka adana ba sai dai a yi fatan Word ko Excel sun riƙe wani abu. Adana ka rufe kafin ka tashi.

5. Ware ranarka ta sabuntawa

Wannan matakin shi ne zuciyar jagorar. Sabuntawa ba ta faɗowa haka kawai, tana da jadawali. Ranar Talata ta biyu a kowane wata Microsoft ke fitar da gyaran tsaro, kuma saboda bambancin lokaci, a wurare da yawa sai da yamma ko washegari Laraba ake ganinta. Wajen ƙarshen wata akan fitar da wata ta ganin dama mai ɗauke da kalmar Preview a sunanta. Sau ɗaya a shekara kuma, a rabin shekara na biyu, babbar sabuntawa ke zuwa mai canja lambar siga.

Ga yadda nake ba da shawara a bi da su. Ta Talata ta biyu, ba ta kwana uku zuwa bakwai, sannan ka sa ta da hannunka. Idan akwai babbar matsala a cikinta, a 'yan kwanakin nan ake jin labari, kuma Microsoft yana da shafi mai suna Windows release health inda yake jera matsalolin da aka gano. Mai Preview, ƙyale ta, abin da ke cikinta zai zo a ta wata mai zuwa. Babbar ta shekara, bari ta yi wata biyu ko uku a duniya, kuma kada ka yi ta a makon rufe lissafi, ko makon da za a miƙa rahoto.

Don samun jinkirin, yi amfani da Pause updates a shafin Windows Update. Ana iya dakatarwa daga mako ɗaya har mako biyar. Ranar Litinin kafin Talatar, dakatar na mako ɗaya. Ranar da ka ware, kusa da tashi daga aiki, jona caja, rufe duk manhajoji, danna Resume updates, bar ta ta sauke, sannan ka zaɓi Restart now ka zauna har ta dawo. Da ta dawo, gwada abubuwan da aikinka ya dogara da su: firinta, sikana, manhajar lissafi, sauti da kyamara na taron bidiyo, hanyar shiga rumbun ofis. Minti biyar ne. Gara ka gano firinta ta daina aiki da yamma, da ka gano da safe shugaba na tsaye a kanka yana jiran takarda.

Gargaɗi: kada ka cinye mako biyar ɗin duka. Idan wa'adin ya cika, ba za ta bari ka sake dakatarwa ba sai ta sa abin da ya taru, kuma a lokacin da ta ga dama. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Wani gargaɗin: rufe murfin kwamfuta ba sake kunnawa ba ne, barci kawai take yi. Mai yin haka wata guda cur yana tara sabuntawar da ke jiran a kammala ta, shi ne wanda wata rana zai buɗe ta minti goma kafin taro ya tarar da ɗigogi na juyawa. Ko Shut down na yau da kullum ba ya wanke ta sosai kamar Restart, saboda wani tsarin saurin tashi da ke cikin Windows. Yi mata Restart sau ɗaya a mako. Idan kuma ka ga an rubuta kada a kashe, to kada ka danne maɓallin wuta ko da ta daɗe a kan kashi ɗaya. Ba ta aƙalla awa biyu kafin ka yanke hukuncin ta maƙale.

6. Kula da data da wurin ajiya

Sabuntawar wata-wata takan ci ɗaruruwan megabait, wani lokaci ta wuce gigabait guda. Ta shekara kuwa takan kai gigabait da dama. Idan da datar waya kake haɗa kwamfutar, shiga Network & internet, Wi-Fi, buɗe bayanan layin, ka kunna Metered connection. Za ta rage sauke manyan abubuwa a wannan layin, ko da yake wasu muhimman gyare-gyare na iya wucewa. Kada ka kunna shi a duk layukan da kake hawa, in ba haka ba sabuntawa za ta yi ta taruwa.

A Advanced options akwai Delivery Optimization. Idan kuna da kwamfutoci da yawa a layi ɗaya, zaɓi na'urorin da ke layin cikin gida kawai: ɗaya ta sauke, sauran su karɓa daga gare ta. Zaɓin da ya haɗa da na'urorin intanet yana nufin ana tura wa baƙi sabuntawa da datarku.

Kafin babbar sabuntawa, bar aƙalla gigabait 20 fanko a faifan C. Cikar faifai na cikin manyan dalilan da ke sa ta kai kusan ƙarshe ta juya baya.

7. Tantance manhajoji kafin ka cire ko ɗaya

Shiga Settings, Apps, Installed apps. Ƙarƙashin kowane suna akwai sunan kamfanin da ya yi ta da ranar da aka sa ta. Ɗauki takarda ka raba su kashi uku. Kada ka danna Uninstall tukuna.

Kashi na farko, waɗanda za su tafi: wasanni, manhajojin kiɗa da na kallo da ba ka amfani da su, na tallan saye-saye, na gwaji na 'yan kwanaki, da masu iƙirarin za su ƙara wa kwamfuta gudu ko su sabunta direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa sassan kwamfuta aiki. Wasu hotunan da ke cikin Start ma ba manhajoji ba ne, talla ne, sai ka danna sannan su sauko. Danna-dama ka cire su. Kada ka ɗauka duk abin da kamfani ya sa a sabuwar kwamfuta ba shi da illa. A farkon 2015 aka gano cewa wata manhajar talla mai suna Superfish, da ta zo a cikin wasu kwamfutocin Lenovo, tana buɗe ƙofar da za a iya leƙa bayanan da mutum ke aikawa ta shafukan da ake ɗauka amintattu ne.

Kashi na biyu, waɗanda ba a taɓawa: duk mai suna Microsoft Visual C++ Redistributable, ko da ka ga guda takwas masu shekaru daban-daban, domin kowace manhaja da wadda take dogara da ita. Haka .NET, haka WebView2. Haka duk abin da ke ɗauke da sunan Intel, AMD, NVIDIA, Realtek ko Synaptics, waɗannan direbobi ne na hoto, sauti, Wi-Fi da wurin shafa yatsa. Haka duk abin da ofis ya sa.

Kashi na uku, masu buƙatar tunani: kayan kamfanin da ya ƙera kwamfutar, irin su Lenovo Vantage, HP Support Assistant, ko Dell Command Update. Mutane suna ganin su tarkace ne, kuma gaskiya wasunsu suna da yawan damu. Amma ta cikinsu ake samun sabuntawar BIOS, a wasu kuma a nan ake sa iyakar cajin batir don ya daɗe. Ni dai ina barin guda ɗaya mai kawo sabuntawa, in cire sauran masu rajista da talla da neman ra'ayi. Wadda ba ka gane ba, nemi cikakken sunanta a intanet tare da sunan kamfaninta. Idan har yanzu ba ka gamsu ba, bar ta. Manhajar da ba ta tashi tare da kwamfuta wuri kawai take ci, ba ta rage gudu.

8. Cire su ɗaya bayan ɗaya

Danna ɗigogi uku da ke gaban suna, Uninstall. Cire uku ko huɗu, sake kunna kwamfutar, gwada sauti da Wi-Fi da maɓallan haske, sannan ka ci gaba. Idan ka cire talatin a zama ɗaya wani abu ya mutu, ba za ka san wacce ce sila ba.

Manhajar riga-kafi ta gwaji, irin su McAfee ko Norton da ke zuwa da sababbin kwamfutoci, tana buƙatar kulawa ta daban. Muddin tana aiki, Microsoft Defender, riga-kafin da ke cikin Windows, yana ja da baya ya ba ta wuri. Idan ba za ku biya kuɗinta ba, cire ta gaba ɗaya, kada ka bar ta tana ta tsoratar da kai da jan rubutu. Idan ta ƙi fita da kyau, kamfanonin biyu suna da nasu kayan cirewa a shafukansu. Bayan sake kunnawa, buɗe Windows Security ka tabbatar kariya daga ƙwayoyin cutar kwamfuta ta dawo a kunne. Kada ka haɗa riga-kafi biyu, sai su yi ta karo da juna kwamfuta ta yi nauyi.

Gargaɗi a kan OneDrive, manhajar Microsoft ta ajiye fayiloli a intanet: kafin ka cire ta ko ka fita daga asusun, duba fayilolinka. Wanda ke da alamar gajimare a gefensa ba ya cikin kwamfutar, sunansa kawai kake gani. Sau da yawa Desktop da Documents gaba ɗaya an mayar da su cikin OneDrive ba ka lura ba. Danna-dama a kan foldar, zaɓi Always keep on this device, jira su sauko duka, kwafa su, sannan ka taɓa ta.

Gargaɗi mafi girma a wannan sashen: akwai rubutattun umarni da ake yaɗawa a intanet, wai ka liƙa layi ɗaya a PowerShell, wurin rubuta wa Windows umarni, ya share duk tarkacen Windows. Kada ka yi wannan a kwamfutar aiki. Kana ba rubutun da ba ka karanta ba cikakken iko a kan bayanan ma'aikata, kuma da yawansu suna tsige sassan da Microsoft Store ko sabuntawar kanta ke dogara da su. Sai bayan wata biyu sabuntawa ta fara ƙin shiga, ba wanda zai tuna dalili. Garin neman gira a rasa ido. Edge ma, burauzar da ke zuwa da Windows, a yawancin ƙasashe ba ya cirewa ta hanyar da aka saba. Bar shi, ka je Default apps ka zaɓi burauzar da kake so.

9. Rage masu tashi tare da kwamfuta, ka rufe bakin talla

Nan ne za ka fi ganin bambancin gudu. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, shiga Startup apps. Duba waɗanda aka rubuta High a gabansu, ka danna Disable a kan duk wadda ba ka buƙata da zarar ka kunna. Wannan ba cirewa ba ne, tana nan, za ta buɗe idan ka neme ta. Bar na tsaro, na sauti, da na ajiyar fayilolin ofis.

Sai Settings, System, Notifications, gangara ƙasa zuwa Additional settings, ka cire alamar da ke kan shawarwari da tayin kammala saitin na'ura. Wannan na biyun shi ne ke kawo cikakken allon nan bayan sabuntawa mai roƙon ka haɗa waya ko ka karɓi wani tayi. A Personalization, Start, kashe nuna shawarwarin sababbin manhajoji. Bayan kowace babbar sabuntawa ka sake leƙa wuraren nan da Default apps, domin wani lokaci wasu saitunan kan koma yadda suke.

10. Idan sabuntawa ta ɓata wani abu

Fara da sake kunnawa sau ɗaya. Idan matsalar na nan, tabbatar da mai laifi tukuna. Shiga Windows Update, Update history, ka duba ko ranar da aka sa ta ƙarshe ta yi daidai da ranar da matsalar ta fara. Ba duk abin da ya faru bayan sabuntawa ne laifin Windows ba. Ranar 19 ga Yulin 2024 kwamfutoci kusan miliyan 8.5 suka faɗi da shuɗin allo a faɗin duniya, filayen jiragen sama da bankuna suka tsaya, amma sabuntawar manhajar tsaro ta CrowdStrike ce sila.

Idan ta wata-wata ce, a ƙasan Update history akwai Uninstall updates. Kowace tana da lamba mai farawa da KB. Rubuta lambar, cire ta, sake kunnawa, kuma nan take ka dakatar da sabuntawa na mako ɗaya, in ba haka ba za ta dawo da kanta cikin dare. Ka tuna gyaran tsaro ka cire, don haka zaman na ɗan lokaci ne.

Idan babbar ta shekara ce, je System, Recovery, Go back. Kwana 10 kacal kake da su. Komawar ta dogara ne da wata folda mai suna Windows.old a faifan C, mai cin wuri da yawa. Gargaɗi: kada ka goge ta a cikin kwanakin nan, kuma idan kana share tarkace kada ka sa alama a kan Previous Windows installation. Da ta tafi, maɓallin komawa ya mutu.

Idan abu ɗaya ne ya tsaya, kamar sauti ko Wi-Fi, sau da yawa direba ne aka canja. Danna-dama a kan Start, Device Manager, buɗe na'urar, Driver, Roll Back Driver. Shi ya sa ma nake cewa direbobin da ke cikin Optional updates a bar su, sai in akwai abin da ba ya aiki.

Idan kwamfutar ta ƙi shiga Windows ɗungum, bayan ta kasa tashi sau biyu a jere takan buɗe allon gyara da kanta. Idan kana kaiwa wurin sa kalmar sirri, riƙe Shift ka danna Restart. Bi Troubleshoot, Advanced options, Uninstall Updates, ko System Restore don komawa wurin da ka kafa a mataki na 3. A nan ne za a iya neman lambobi 48 ɗin nan.

Idan kuma sabuntawar ce take ƙin shiga tana ba da lambar kuskure, duba wurin ajiya, cire filas da sauran abin da ka jona, sannan ka buɗe Command Prompt da izinin mai gudanarwa ka rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, bayan ya gama ka rubuta sfc /scannow. Idan babbar sabuntawa ce ba a miƙo maka ba alhali wasu sun samu, kada ka tilasta ta. Microsoft yakan riƙe ta da gangan daga kwamfutocin da aka san za ta ba matsala, sai an gyara.

11. Abin da za ka nema daga masu kula da kwamfutocin ofis

Idan kwamfutar tasu ce, yadda ka kai ƙorafi shi ke yanke saurin gyara. "Kwamfutata ta lalace tun da aka yi sabuntawa" ba ya ba su abin kamawa. Rubuta musu abin da winver ya nuna, lambar KB da ranarta, abin da ya daina aiki, da hoton saƙon kuskuren da ka ɗauka da waya. Idan wata manhajar da suka sa ce ke danne kwamfutar, buɗe Task Manager lokacin da take nauyi, ka ɗauki hoton da ke nuna sunanta da yawan abin da take ci.

Akwai abubuwan da suke hannunsu waɗanda ma'aikata ba su san za su iya roƙo ba: a ƙara kwanakin da ake bayarwa kafin tilasta sake kunnawa, a matsar da lokacin binciken riga-kafi daga safiya zuwa lokacin hutu, a cire sashenku daga rukunin farko na masu karɓar sabuntawa, a kauce wa ranakun rufe lissafi. Ku haɗu ku nema a rubuce, da sa hannun shugaban sashe, tare da ranakun da kuke so a kauce wa. Buƙatar sashe guda ta fi ƙorafin mutum ɗaya nauyi.

Wanda kuma shi ne mai kula da 'yan kwamfutocin ƙaramin ofis, idan Windows Pro ce, zai iya huta da dakatarwar hannu. Ya buɗe gpedit.msc, ya bi Computer Configuration, Administrative Templates, Windows Components, Windows Update, ya shiga sashen da ke kula da sabuntawar da ake miƙowa. A nan ana jinkirta ta wata-wata har kwana 30, ta shekara har kwana 365. Kwana 7 ga ta farko da kwana 90 ga ta biyu sun wadatar. A bar kwamfuta ɗaya, wadda tsayawarta ba za ta tsayar da ofis ba amma tana da firinta da manhajojin da kowa ke amfani da su, ba tare da jinkiri ba, domin ita za ta fara nuna matsala idan akwai. Windows Home ba ta da gpedit, kuma Home da Pro wata 24 kawai ake ba kowace siga gyaran tsaro, saboda haka a rubuta lambar sigar kowace kwamfuta da watan da wa'adinta zai ƙare, a duba takardar duk ranar da aka ware ta sabuntawa.